Gwangwanin Alkakin Inna

Shekara goma sha ɗaya na yi a Madina ina cin alkaki kowace Sallah, ban taɓa sa hannu a kwaɓinsa ba. Inna ce take yi, can gida Haɗeja. Da azumi ya kama sai ta soya nawa daban, ta jera shi a wani babban gwangwanin madara da rubutun jikinsa ya daɗe da gogewa, ta ɗaure murfin da ƙyallen atamfa, ta miƙa wa Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ba ya fashin Umarar azumi. Shi kuma ya yi ta dakonsa, daga Kano zuwa Jidda, daga Jidda zuwa Makka, sai wajen tsakiyar wata ya iso Madina ya dire mini shi a ƙofa yana mita, wai tsofai-tsofai da shi an mayar da shi ɗan aike. In zai koma sai in cika gwangwanin da dabino, don a gidanmu kwano ba ya komawa fanko.

Alkamar ta gonar Baba ce, a fadama yake noma ta. Aikin hannun kuwa na Inna ne. Tun ina ƙarama na san in Baba ya dawo daga idi ba ya taɓa tuwo, ba ya taɓa nama, sai an fara ajiye masa alkaki uku a faranti da kofin shayi. Zai ci shiru, ya kakkaɓe gaban babbar rigarsa, sannan ya ce a buɗe zaure masu barka da Sallah su shigo.

Ni kaɗai ce mace a ɗakin Inna, sauran duk maza ne. Babu irin kiran da ba ta yi mini ba. "Zo ki sa hannu, abin nan ba a koyonsa da ido." Ni kuwa in rungumi littafi in ce, "Inna, jarrabawa gare ni." Ko babu jarrabawar sai na ƙirƙiro ta. Na tsani ƙaurin mai a jikin tufafi, na tsani kirɓi, na tsani zaman gaban murhu. Sai ta girgiza kai ta ce, "To 'yar boko, ranar da ba ni sai ki soya takarda." Mu yi dariya. Wallahi abin dariya na ɗauke shi.

Da aka yi mini aure, maigidana ya sami gurbin karatu a jami'a a nan Madina, ya gama, aka riƙe shi yana koyarwa. Muna zaune a unguwar Ƙurban, hawa na uku, daga tagar kicin ina hango hasumiyoyin masallacin Ƙuba. Sallar garin nan tana da nata daɗin, ba zan yi butulci ba. Maƙwabta Larabawa sukan aiko da mamul, wanda ake cusa wa dabino a gasa a furun, wato tanda, 'ya'yana biyu da aka haifa a nan kuma shi suka sani. In na yi musu Hausa su ba ni amsa da Larabci, in na miƙa musu alkaki su gutsura don kada raina ya ɓaci su ajiye sauran. Ban damu ba, nawa ya ƙaru. Safiyar Sallah, in mun dawo daga Harami, nakan zauna ni kaɗai a kicin in kwance ƙyallen nan, in ci uku da shayi kamar yadda Baba yake yi. Sai na yi haka nake jin Sallah ta zo.

Ran tara ga azumin shekarar da nake ba da labari, da hantsi, yayana ya kira ni. Daga yadda ya yi sallama na san ba lafiya ba. Inna ta idar da sallar asuba, ta jingina da bango, shi ke nan. Kwana biyu kafin nan mun yi waya da ita, abin da kawai ta ce da ni shi ne hannunta na dama ya ɗan yi nauyi, kuma wai sanyin fanka ne. Na ce ta sha magani, na wuce zuwa wata maganar. Har yau ina jin haushin kaina a kan yadda na wuce maganar nan da sauri.

Iƙamarmu, wato takardar izinin zama, tana wurin sabuntawa a lokacin, babu halin fita. Ko da tana hannu ma, wane jirgi ne zai riga masu haƙa kabari? Kafin a kira azahar a Haɗeja an kai ta an dawo. Da la'asar na ce da maigidana ya kai ni Harami, don gidan ya yi mini ƙunci. Ana idar da salla aka yi shelar sallar gawa, kamar yadda ake yi kusan kowace salla a masallacin nan. Na miƙe cikin sahu na yi kabbara huɗu a kan mutanen da ban san ko sunansu ba. Mutum nawa ne suke roƙon Allah Ya ɗauki ransu a garin nan a kai su maƙabartar Baƙi'a? Ni ga ni a garin, uwata kuwa an zuba mata ƙasa can, ban ko taɓa ƙafarta ba. Na yi kukan da wata Baturkiya da ke gefena ta riƙe mini kafaɗa, ba ta jin yarena, ba na jin nata.

Baffa yana Makka abin ya faru. Ran sha biyar ga wata ya iso Madina. Wannan karon babu mita. Ya zauna a falo da maigidana, aka yi ta'aziyya, aka yi addu'a, sannan ya jawo jakarsa ya fito da gwangwanin ya turo mini a kan darduma. Na manta da shi kwata-kwata. Nan take na gane ƙullin ƙyallen nan, irin ƙullinta, biyu a sama ɗaya a gefe.

Ina ɗagawa na ji ba daidai ba. Ya fi na kullum nauyi, kuma maimakon ƙwaram-ƙwaram ɗin alkaki sai na ji abu yana zuba shuuu a ciki. Na kwance, na buɗe. Ɓarzajjiyar alkama ce, ɗanya, ba ta fi mudu guda ba. A samanta ga curin tsamiya, ga ƙullin kanwa ungurnu a leda.

Na kalli Baffa. Ya sunkuyar da kai yana murza carbinsa.

"Ɗiyata, saƙo ne, kuma dole in isar," in ji shi. "Ta ce hannunta ba zai iya kirɓi ba bana. Ta ce alkamar bana ce, ita ta wanke ta shanya, a gabanta aka ɓarza. Ta ce bana ke za ki yi, ki cika gwangwanin in kai wa Babanki, ko bayan Sallah ne."

"Amma Baffa, mun yi waya da ita, ba ta faɗa mini ba."

"Ta hana a faɗa miki. Wai in kika ji a waya za ki ce jarrabawa gare ki."

Dariya ta kufce mini, kuka ya biyo ta a baya, har ban san wanne nake yi ba. Baffa ya miƙe ya ce zai wuce masauki. A bakin ƙofa ya gaya mini jirginsu kwana uku bayan Sallah ne.

Ga yadda lissafin ya tsaya mini ke nan: mudu ɗaya na alkamar da hannun Inna ya taɓa, kwana goma sha huɗu, da mace mai digiri wadda ba ta san ko da ruwan zafi ake kwaɓa alkaki ko da na sanyi ba. In na ɓata wannan mudun, babu wani. Na ɗaure gwangwanin na ɗora a saman kabad, na yi rantsuwa ba zan taɓa shi ba sai na iya.

Na fara da waya, ina kallon masu koyar da girki. Wannan ta ce a sa nono, waccan ta ce yis, wata ta ce a haɗa da fulawa, kowacce kuma tana rantsuwa nata ne na asali. Na sauka baƙala, wato kantin da ke ƙasan gidanmu, na duba kanta-kanta har na ga wata ɓarzajjiyar alkama a leda, launinta da girman tsakinta kamar an ɗebo daga gwangwanin Inna. Na sayi leda uku ina murna, abin nema ya samu.

Na kwaɓa, na rufe ya kwana. Da safe na buɗe na tarar da abu kamar jiƙaƙƙen yashi. In na mulmula ya tsage, in na naɗa ya karye. Da ƙyar na haɗa guda biyar na jefa a mai, kafin in ƙifta ido sun watse, man ya yi kumfa, tsaki ya kwanta a gindin kasko yana ƙonewa. Na ce ruwa ne ya yi yawa. Kashegari na rage ruwa, ya watse. Na ƙara fulawa, ya fito kamar cincin ɗin da ya yi faɗa da maƙera. Kwana shida na kashe a haka, gidan duk ya ɗauki ƙauri, ga azumi, ga zafin Madina da ba ya jin na'urar sanyaya ɗaki.

Ranar da na zubar da mai karo na uku, maigidana ya leƙo kicin. Mutum ne mai sanyin hali, ya yi maganar a hankali. "Akwai matan da suke yi na sayarwa a unguwar Al-Sih. Me zai hana a saya a cika gwangwanin? Baba dai alkaki zai gani."

Ban san lokacin da na juyo da ludayi a hannu ba. "Malam, shekara nawa Baba ya yi yana cin na hannu ɗaya? Kana jin harshensa ba zai gane ba? Ko shi bai gane ba, ni fa? In ba za ka taya ni ba, ka ba ni wuri!"

Ya juya ya fita. Na san na yi masa rashin kyauta, kuma da azumi a bakina. Da la'asar ya dawo daga masallaci ya ce in shirya gobe da safe, ya yi tambaya wurin wani ɗalibinsa, akwai wata tsohuwa a Al-Sih ɗin da ake ce wa Iya. Ba ta sayarwa, amma duk mai sayarwa a wurinta ta koya.

Gidan Iya tsohon gini ne na ƙasa a cikin lungu, da ɗan tsakar gida da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. 'Yar Damagaram ce. Tana amarya suka zo aikin Hajji da mijinta, ba su koma ba. Mijin yana Baƙi'a tuntuni, jikokinta suna shigowa su sumbaci goshinta su yi mata Larabci, ita kuma ta zage su da Hausa. A kusurwar tsakar gidan akwai turmi, baƙi wuluk don tsufa, ya tsage ta gefe an ɗaure shi da waya. Ta ce tare da shi ta hau jirgin ruwa lokacin zuwansu.

Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta labari tun daga farko. Ta yi wa Inna addu'a mai tsawo. Sannan ta ce, "Nuna mini abin da kike kwaɓawa."

Na miƙa mata ragowar ledar baƙala. Ta ɗibi kaɗan a tafin hannu, ta ɗiga ruwa, ta murza da babban yatsa, ta kai hanci. Sai ta dube ni ta saman tabarau.

"La ilaha illallahu. Ya binti, wannan ai burgul ne."

"Ba alkama ba ce, Iya?"

"Alkama ce, amma dafaffiya. Mutanen Sham ke dafa ta, su shanya, su ɓarza. Abin da aka riga aka dafa ina zai sami danƙo? Ko shekara kika yi kina kirɓa shi ba zai kama ba. Ba ke kaɗai ba ce, duk 'yar ƙasarmu da ta zo garin nan sai ledar nan ta ci kuɗinta. Ido ke ruɗin ku."

Rashin sani ya fi dare duhu. Kwana shida, da mai, da hawaye, da faɗan da na yi wa bawan Allah, duk a kan matacciyar alkama.

Na kawo gwangwanin Inna tare da ni. Da na buɗe mata, Iya ba ta sa hannu ba, ta sunkuya kawai ta duba. Ta daɗe tana kallo. "Wannan mata ta san aiki," in ji ta. "Dubi tsakin, kansa ɗaya, babu dusa, babu tsakuwa. Rufe. Ba a koyo da irin wannan."

Ta aika maigidana wurin masu niƙa ya sayo ɗanyar alkama aka ɓarza. Sau biyu na yi gwaji a gabanta cikin goman ƙarshe, lokacin da kowa yake Harami yana neman lada, ni ina lungun Al-Sih ina murza mai a cikin tsaki. Ta koya mini a fara murza alkamar da mai har kowane tsaki ya sha, sannan a zuba ruwan tsamiya kaɗan-kaɗan, kwaɓin ya yi tauri, a rufe ya kwana ya yi tsami. Da safe a kashe tsamin da ruwan kanwa, a kirɓa a turmi har ya yi danƙo. Ba ta da ma'auni ko ɗaya. In na ce, "Iya, cokali nawa?" sai ta ce, "Cokalin gidanku! Shuwayya-shuwayya dai, kaɗan-kaɗan, hannunki zai gaya miki." Na farko ya yi tsami har yana kama haƙori. Na biyu ya ciwu. Amma ta gargaɗe ni cewa alkamar fadama ba irin ta nan ba ce, ta fi ƙarfi, shan ruwanta daban, tsaminta daban. Abin da na koya rabin hanya ne kawai.

Ran ashirin da takwas ga wata, bayan la'asar, na juye gwangwanin Inna a babbar roba a tsakar gidan Iya. Na bubbuga gindinsa har tsakin ƙarshe ya faɗo. Na ce, "Iya, don girman Allah ki kwaɓa mini wannan, ni in yi sauran. Tsoro nake ji."

Ta gyara zama a kujerarta ta ɗauki carbi. "Abadan. Ke aka aiko wa. In na sa hannu, alkakina za ki kai wa ubanki. Yi bismilla."

Na yi bismilla na tura hannu. Sanyin alkamar ya ratsa yatsuna, na tuna cewa hannun da ya taɓa ta na ƙarshe kafin nawa, shi ne wanda ya yi nauyi na ce a sha magani. Na jiƙa tsamiyarta, na tace, na zuba. Alkamar ta shanye ta nemi ƙari, kamar yadda Iya ta ce. Na ƙara, na danna, na rufe da ƙyallen atamfar nan, na bar ta a ɗakin Iya na tafi gida.

Kashegari da hantsi na dawo. Ina ɗaga ƙyallen ƙamshin ya bugi fuskata, ɗan tsami-tsami mai daɗi, ƙamshin tsakar gidanmu ranar jajiberen Sallah, wanda nake toshe hanci in gudu ɗaki saboda shi. Na zauna daɓas a ƙasa. Iya ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Halas, ya isa, rana tana yi. Jiƙa kanwa."

A nan ne na rasa madafa. Kanwar Inna ungurnu ce, ta fi wadda muka yi gwaji da ita ƙarfi. Maigidana ya gaya mini ya halatta mai azumi ta ɗanɗana a harshe ta tofar, amma me zan ɗanɗana? Ban san yadda ɗanyen kwaɓin Inna yake a baki ba, soyayyen kawai na sani. Na zuba, na shinshina, na ji kamar tsamin yana nan. Na kalli Iya, ta kalli carbinta. Na ƙara kaɗan. Wannan ƙarin har gobe ina tuna shi.

Sai kirɓi. Ni da ban taɓa riƙe taɓarya da gaske ba, kafin kwaɓin ya yi danƙo tafin hannuna biyu sun yi bororo, ɗaya ya fashe. Ƙishirwa ta busar mini da maƙogwaro. Ina ɗaga taɓarya ina tunanin shekara nawa Inna ta yi tana wannan aikin da azumi a bakinta, sau biyu kowace shekara, nawa da na Baba, ni kuma in aika mata da dabino ina jin na biya.

Na shafa mai a faifai, na murza kwaɓin ya yi tsawo, na naɗa a yatsu biyu zagaye uku na matse tsakiya, yadda nake hango hannunta daga ƙofar ɗaki. Nata duk kansu ɗaya suke fitowa. Nawa wani ya yi ciki, wani ya rame, wani ya karkace. Mai ya yi zafi, Iya ta ce in rage wuta don cikinsa ya soyu. Na ɗauki na farko na saka. Ya nutse. Na tsura masa ido, ina jiran in ga ya watse kamar na burgul. Ƙananan kumfa suka taso ta gefensa, ya motsa, ya taso sama a dunƙule.

"Ya kama," in ji Iya.

Har azahar ina suya. Ina kwashewa ina tsomawa a ruwan sukarin da na dafa da ragowar tsamiya, ina jerawa a tire. Na zaɓi biyar na ajiye wa Iya, ta karɓi biyu ta mayar da uku, ta ce gwangwanin uba ake cikawa tukuna.

Babu wanda zai iya gaya mini yadda ya yi sai rana ta faɗi. Na kai shi gida na rufe, na yi ta kaiwa da komowa tsakanin kicin da falo. Da aka kira magariba a Ƙuba na sha ruwa, na ci dabino ɗaya, na ɗauki alkaki na gatsa.

Ba na Inna ba ne. Nata in ka gatsa yakan yi ƙarar ƙus sannan ya narke, zaƙin ya shiga har cikinsa. Nawa ya yi tauri, sai an dage, launinsa ya fi nata duhu, kuma can ƙarshen harshe ga ɗacin kanwa. Ya ciwu, ba zan ce bai ciwu ba, maigidana ya ci biyu ya ce ma sha Allah. Amma ni na san abin da nake nema, kuma ban same shi ba. Alkamar kuwa ta ƙare, ko tsaki ɗaya bai rage ba. Baƙin cikin da na ji a daren nan ya kusa kai na ranar rasuwar, don a ranar ce mini aka yi ta tafi, yau kuwa a bakina na ji.

An ga wata, aka wayi gari Sallah. Da na lissafa sun sauko daga idi a gida na kira yayana, na tambaye shi Baba. Ya ce ya dawo ya zauna a inda ya saba, matar yayan ta kawo masa cincin da shayi. Ya sha shayin, bai taɓa farantin ba, ya ce a buɗe zaure.

Kwana biyu ina jujjuya abin a raina. Dabinon da na saba aikawa yana nan na saya tun farkon wata. Zan iya cika gwangwanin da shi in ce alkakin bai yi ba, Baba ba zai ce komai ba, ya ci gaba da tuna na matarsa yadda yake. In kuwa na aika da wannan, tsoho mai makoki zai gatsa ya ji alkamarsa da tsamiyarta a cikin abin da bai kai nata ba. Wanne ya fi zafi? Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba ta ce in aika in ya yi kyau ba. Ta ce in yi, in cika, a kai.

Na zaɓi masu ɗan kyan gani na jera, na sa karkatattun a ƙasa, na ɗaure ƙyallen, biyu a sama ɗaya a gefe. Da Baffa ya zo sallama na miƙa masa. Ya ɗaga gwangwanin ya girgiza shi a kusa da kunne. Ya ji ƙwaram-ƙwaram. Ya juya mini baya yana gyara zip ɗin jakar da ba abin da ya same shi.

Baba ba mutumin waya ba ne. Duk shekarun nan Inna ce take kira, shi sai dai in jiyo muryarsa daga gefe yana cewa a gaishe su. Kwana biyar bayan tafiyar Baffa, da hantsi, ina wanke-wanke, waya ta yi ƙara. Lambar Inna ce. Na goge hannu a zani na ɗauka.

"Salamu alaikum." Muryarsa ce.

Na durƙusa a kan tayil ɗin kicin kamar yana gabana. Muka gaisa. Ya tambayi maigidana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi zafi. Na yi masa ya ƙarin haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'aiki.

"Saƙo ya iso," in ji shi.

"To, Baba."

"Ya yi tauri. Haƙoran kuma ba na da ba ne, sai da na tsoma a shayi. Kanwa ma ta ɗan yi yawa."

"Haka ne, Baba. Ka yi haƙuri, na ɓata alkamar. Ban koya ba lokacin da..."

"Saurara mana," ya ce. "Sallar farko da aka kawo Innarki gidan nan, haka nata ya yi. Tauri, ga kanwa. Tana laɓe a bayan ƙofa tana leƙe na. Uku na ci, ban ce mata komai ba, har ta koma ga Allah ban gaya mata ba." Ya yi gyaran murya. "Naki ma uku na ci."

Na toshe bakina da gefen mayafi.

"Gwangwanin yana wurina, na hana a taɓa," in ji Baba. "In an yi girbin alkama na gaba zan ware miki mudu biyu. Baɗi ki rage kanwa."

Na ce, "To, Baba." Daga nan babu wanda ya kashe wayar a cikinmu.